Mai Gadin Kwamfutar Gida: Na Kyauta Da Na Sata

  Ina gaida na cikin garin Gadarif. Ina gaida na Doka, da na Fao, da na Shuwak, har zuwa Galabat a bakin iyakar Habasha. Ina kuma gaida baƙinmu da yaƙi ya taso daga Khartum da Madani. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Yau a kan kwamfutar gida za mu tattauna. Wadda ɗalibi yake rubuta bincikensa a ciki. Wadda dillalin riɗi yake ajiye lissafin buhuna da na bashi. Wadda wata baiwar Allah ta rungumo daga Khartum, ta bar gado ta bar kujeru, saboda hotunan 'ya'yanta da takardun shaidarta duk suna ciki. Wannan na'ura tana kamuwa da cuta. Maganin cutar kuwa akwai shi kyauta. Abin da ke wahalar da mutane shi ne gane na gaske daga na jabu.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu. 'Yar ƙanena ɗaliba ce a jami'a. Ta yi makonni tana rubuta wani aiki, shafi 40 da wani abu. Ta zuba shi a filash, ta kai wani shago a kasuwa aka buga mata. Ta dawo gida da la'asar, ta soka filash ɗin a kwamfuta. Sunayen fayilolinta suna nan cif. Amma kowanne da wata 'yar lanƙwasasshiyar kibiya a gindinsa. Ta danna ɗaya. Wata baƙar taga ta ƙyafta, ta ɓace. Ba abin da ya buɗe. Ta sake dannawa. Shiru. Ta same ni a tsakar gida idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Baba, aikina ya tafi."

Aikinta bai tafi ba. Ɓoye shi aka yi. Kafin mu rabu zan gaya muku yadda muka dawo da shi. Ku riƙe wannan 'yar kibiya a ranku.

To, mu shiga kashi na farko. Mece ce wannan cuta?

Mu nan muna cewa fairus. 'Yan'uwanmu na Najeriya suna cewa bairos. Duk abu ɗaya ne. Ba ƙura ke kawo shi ba, ba zafin rana ba ne, ba tsufan na'ura ba ne. Manhaja ce. Manhaja kuwa jerin umarni ne da mutum ya zauna ya rubuta wa kwamfuta. Wata manhajar tana yi maka lissafi. Wata tana buɗe maka hoto. Wata kuma an rubuta ta don ta cuce ka. Abin ya daɗe. Tun a 1986 wasu 'yan'uwa biyu a birnin Lahore na Pakistan suka rubuta wanda ake kira Brain, ya riƙa bin faifai daga hannu zuwa hannu har ya ƙetare teku. Yau filash ya maye gurbin faifai, amma hanyar ba ta sake ba.

Cutar iri-iri ce. Akwai mai yaɗuwa, kamar wadda ta kama filashin 'yar ƙanena. Akwai mai cika maka allo da talla, ka rufe ɗaya biyu su fito. Akwai mai kulle maka fayiloli ta nemi kuɗin fansa. Sannan akwai wadda ta fi damuna, wato manhajar leƙen asiri.

Ku da kuka san hatsi za ku fahimce ni da sauri. Ɓera in ya shiga rumbu, ana jin motsinsa, ana ganin kashinsa. Amma ƙwaron dawa fa? Buhu yana tsaye a ɗaure, kamar ba komai. Sai ranar da aka kwance baki, a tarar ciki ya zama gari. Haka manhajar leƙen asiri take. Ba ta ɓata maka allo. Ba ta ma son kwamfutarka ta yi nauyi, don kada ka farga. Tana zaune shiru tana kwashe kalmomin sirrin da ka adana. Na Facebook, na imel, na duk shafin da ka taɓa cewa ya tuna da kai. Wata tana rubuta duk harafin da ka danna. Wata tana ɗaukar hoton allonka. Sai ta aika wa mai ita, shi kuma ya sayar.

Kada wani ya ce, ni me nake da shi da za a sata? Sunanka ma dukiya ne. Wanda ya shiga shafinka zai rubuta wa ƙanwarka da ke Saudiyya da sunanka, ya ce kana asibiti, a turo kuɗi ta manhajar banki ta Bankak yanzu-yanzu. A wannan zamani da kowa yake da ɗan'uwa cikin wahala, wa zai tsaya dogon bincike? A watan Mayun 2025 kamfanin Microsoft ya sanar cewa wata irin wannan manhaja guda ɗaya, mai suna Lumma, ta kama kwamfutoci sama da 394,000 a faɗin duniya cikin wata biyu kacal. Guda ɗaya ke nan, cikin wata biyu. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da take shiga kuwa ita ce manhajar sata.

Wannan ya kawo mu kashi na biyu, kuma a nan zan ɗan daɗe. Bambancin kyauta da sata.

Mu mutanen Sudan muna da tarihinmu a kan wannan. A watan Nuwamban 1997 Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar nan takunkumin tattalin arziki. Daga nan, shekara da shekaru, in ka shiga shafin wasu manyan kamfanoni daga Sudan, sai a rufe maka ƙofa. Ba ka iya saya ko da kana da kuɗi, don ba ka da hanyar biya. Wani lokacin na kyautar ma ba ka iya saukewa. To me mutane za su yi? Sai aka koma ga faifan kasuwa. Faifai ɗaya, manhaja kala-kala, duk an fasa makullinsu. Shi ne abin da samari ke kira kirak. Manhajar kuɗi ce aka fasa makullinta, ta riƙa aiki ba tare da an biya ba. A kan haka yaranmu suka koyi kwamfuta. Ba na zargin kowa. Larura ce ta sa.

A watan Fabrairun 2015 Amurka ta sassauta a kan kayan sadarwa na jama'a. A watan Oktoban 2017 ta ɗage mafi yawan wancan takunkumi. Ban ce duk ƙofofi sun buɗe ba, har yau akwai shafukan da ke ƙin mu. Amma manhajojin riga-kafi na kyauta, na halal, suna samuwa. Sai dai sabo ya riga ya kama mu. Har yanzu mutum zai kai kwamfuta shago ya ce, a saka min riga-kafi mai ƙarfi, na kuɗi, wanda aka fasa.

Malam, tsaya ka yi tunani. Wanda ya fasa wannan makulli, ya kwana yana aiki, ya ɗora a intanet kowa ya ɗauka, don Allah ya yi? Ya san ka? Kuma me takardar da ke biye da kirak ɗin take cewa tun a layin farko? Kafin ka girka, kashe riga-kafinka. Ku sake ji. Kashe riga-kafinka. Baƙo ne ya zo ƙofar gidanka da dare, ya ce zai shigo ya taimake ka, amma da sharaɗin ka sallami mai gadi. Wanda ya yarda da wannan, ya bai wa kura ajiyar nama.

Akwai wata cutar neman fansa da ake kira STOP, wasu suna ce mata Djvu. Ta addabi masu kwamfutar gida a ƙasashe da dama, kuma ta cikin kirak ta fi shiga. Tana kulle hotuna da takardu, ta bar maka wasiƙa. A shekarun baya wasiƙar cewa take: ka biya dala 980, ko dala 490 in ka yi sauri cikin awa 72. Mutum ya guje wa biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya wayi gari ana neman dala 980 a hannunsa.

Saboda haka ku riƙe wannan. Na kyauta shi ne wanda kamfanin da ya yi shi ya bayar da hannunsa, a shafinsa, da sunansa. Na sata shi ne wanda aka fasa. Riga-kafin da aka fasa, komai girman sunan da ke jikinsa, kada ya shiga kwamfutarka.

Kashi na uku. Mai gadin da ke cikin gida tun asali.

Wannan magana takan ba mutane mamaki. In kwamfutarka tana aiki da Windows 10 ko Windows 11, kana da riga-kafi tun ranar da aka kunna ta. Sunansa Microsoft Defender. A cikin Windows yake zuwa. Ba a biya, ba ya ƙarewa bayan wata guda, ba ya damunka da talla. A da can ana raina shi, kuma da dalili. Amma shekarun baya-bayan nan ya gyaru ƙwarai. Akwai cibiyoyi masu zaman kansu da aikinsu shi ne gwada irin waɗannan manhajoji, su sakar musu dubban cututtuka su ga nawa za su kama. Ɗaya ita ce AV-TEST a garin Magdeburg na Jamus. Ɗaya kuma AV-Comparatives a Innsbruck na Ostiriya. A gwajinsu Defender yana gogayya da na kuɗi. A ganina, ga yawancin gidajenmu, shi kaɗai ya wadatar.

Yanzu, wanda yake kusa da kwamfutarsa, ya duba tare da ni. Ku kalli ƙasan allo, kusa da agogo. Akwai wata 'yar alamar garkuwa. In ba ku gan ta ba, ku danna ƙaramar kibiyar da ke kallon sama, za ta fito. Ko ku rubuta Windows Security a wurin nema. In kun ga kore, mai gadi yana bakin aiki. In rawaya ce, yana neman ku duba wani abu. In ja ce, ko kuma an ce an kashe kariya, to akwai magana.

Me ke kashe shi? Abu biyu na fi gani. Na farko, wanda ya saka maka Windows ya kashe shi don kirak ya samu shiga, bai kuma mayar ba. Na biyu, kwamfutar ta zo da wani riga-kafi na gwaji, kwanakinsa suka ƙare, ya zauna a kujera ba ya aiki. Wannan na biyun a cire shi gaba ɗaya, a sake kunna kwamfuta, sannan a koma a duba garkuwar nan ko ta zama kore.

Sai maganar sabuntawa, abin da muke kira tahdis. Ku ba ni kunnenku. Riga-kafi yana aiki ne da wani kundi na kamannin ɓarayi. Kullum sababbin ɓarayi suna fitowa, kullum kamfani yana ƙara shafi a kundin. Riga-kafin da ya shekara ba a sabunta ba, ɓarayin bara kawai ya sani. Na bana zai gaishe shi ya wuce.

Na san halin da muke ciki. Data tana da tsada. Wuta tana zuwa tana tafiya. Ba mu manta Fabrairun 2024 ba, lokacin da layukan waya da intanet suka ɗauke a mafi yawan ƙasar nan. Da yawa sun kashe sabuntawa don kada ta cinye musu data. Ga dabara. Sabuntawar yau da kullum ta Defender ba ta da nauyi, in ana yi a kai a kai. Sau ɗaya ko biyu a mako ka haɗa kwamfuta da wayarka, ka shiga garkuwar nan, ka ce ta duba sabon kundi. Kwamfutar da ba ta taɓa ganin intanet ba ma tana da hanya. Microsoft yana ajiye kundin gaba ɗaya a fayil guda a shafinsa. Mutum ɗaya ya sauke inda layi ke da ƙarfi, ya zuba a filash mai tsabta, ya kai wa 'yan'uwa a ƙauye. A danna shi kawai, kundi ya sabunta.

Ban da sabunta riga-kafi, akwai sabunta Windows kanta. Wannan toshe tsagar bango ce. A ranar 12 ga Mayun 2017 wata cuta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150, har ta tsayar da aiki a asibitoci da dama a Birtaniya. Alhali Microsoft ya fitar da abin toshe tsagar tun watan Maris. Waɗanda suka sabunta sun tsira. Waɗanda suka ce sai gobe su ta kama.

Mu je kashi na huɗu. Wa ke buƙatar wani riga-kafin daban, kuma yaya zai zaɓa?

Masu tsohuwar Windows 7, da ku nake. Na san akwai ku da yawa. Defender ɗin da ke cikinta ba cikakke ba ne, sai daga Windows 8 aka mai da shi cikakken riga-kafi. Kuma tun 14 ga Janairun 2020 Microsoft ya daina toshe mata tsaga. Dole ku saka wani, kuma ku duba a shafin kamfanin cewa yana aiki da Windows 7 kafin ku kashe data. Ko da kun saka, shawarata ita ce a bar irin wannan kwamfuta ga rubutu da karatun yara. Harkar kuɗi da kalmar sirri mai muhimmanci kada su bi ta kanta. Ita ma Windows 10, an rufe tallafinta na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoban 2025, kodayake kamfanin ya ce zai ci gaba da sabunta kundin Defender a kanta har Oktoban 2028. Wanda na'urarsa za ta ɗauki Windows 11, ya fara shiri.

Sunayen da aka sani suna ba da na kyauta su ne Avast, da AVG, da Avira, da Bitdefender. Duk suna kama cuta sosai a gwaji. Amma ku sani, Avast da AVG da Avira yanzu duk ƙarƙashin kamfani ɗaya suke, Gen Digital, wanda shi ne mai Norton. Sunaye uku, gida ɗaya. Bitdefender na ƙasar Romaniya ne.

To ta ina suke ci, tunda kyauta suke bayarwa? Tambaya ce da ya kamata kowa ya yi. Yawanci ta hanyar talla ne. Za su riƙa nuna maka cewa akwai matsala kaza, ka biya a gyara. Sau da yawa ba cuta ba ce, kiran ciniki ne. A lokacin girkawa kuma sukan cusa wata manhajar da ba ka nema ba. Ka karanta kowane shafi kafin ka danna, ka cire alamar da aka riga aka saka maka. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. A farkon 2020 aka bankaɗo cewa wani reshen Avast mai suna Jumpshot yana sayar da bayanan shafukan da masu amfani da manhajar suke ziyarta. Kamfanin ya rufe reshen. A Fabrairun 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ce ya biya dala miliyan 16.5. Ban faɗi haka don in hana ku shi ba. Na faɗa ne don duk wanda kuka girka, ku shiga wurin saitinsa ku kashe raba bayanai.

Smadav fa? Na san da yawa suna da shi, mai koren tambarin nan. Daga Indonesiya yake, kuma masu shi ma a matsayin mataimaki suke tallata shi, musamman a kan filash. Kada a dogara da shi shi kaɗai.

Ga wata ƙa'ida. Mai gadi na dindindin ɗaya ake ajiyewa. Ɗaya. Na sha ganin kwamfuta da uku a ciki, mai ita yana ganin ya ƙara tsaro. Sai su riƙa kama juna, na'ura ta yi nauyi kamar jaki da kayan gishiri, batir ya ƙare da wuri. In ka girka wani, Defender da kansa yake ja da baya. Wannan daidai ne. In za ka sauya, cire tsohon tukuna.

Daga ina za a sauke? Daga shafin kamfanin kawai. Ka rubuta adireshin da hannunka. Kada ka danna sakamakon farko da aka rubuta wa alamar talla, domin ɓarayi suna sayen wannan wuri su kafa shafi mai kama da na gaske. Kada ka karɓa ta WhatsApp ko Telegram, ko da amininka ne ya turo.

Sannan ku yi hattara da likitan ƙarya. Kana cikin karanta labarai, sai taga ta faɗo da jan rubutu, wani lokaci har da ƙara: kwamfutarka tana da cuta biyar, danna nan yanzu! Hajiya, kada ki danna. Shafin intanet ba shi da ikon bincika cikin kwamfutarki. Wannan gargaɗi shi ne tarkon. Ki rufe tagar. In ta ƙi rufuwa, ki kashe kwamfutar ki sake kunnawa. Riga-kafi na gaske ba ya ihu, kuma ba ya ba da lambar waya a kira.

Kashi na biyar, kuma na ƙarshe. Cuta ta riga ta shiga. Yaya za a fitar da ita?

A bi a hankali. Da farko a kwafe takardu da hotuna masu muhimmanci zuwa wani wuri. Takardu da hotuna kawai, ban da manhajoji. Sai a sabunta kundin riga-kafi. Sai a sa shi cikakken bincike, wanda yake bin kowane fayil. Yakan ɗauki awanni, don haka a zaɓi lokacin da akwai wuta ko batir ya cika. Abin da ya kama zai killace shi, wato ya tsare shi a ɗaki ya kulle. Ku bar shi a can.

Akwai cutar da ke ɓuya muddin Windows tana farke. Ita ma da maganinta a cikin garkuwar nan, sunansa Microsoft Defender Offline. Zai kashe kwamfutar, ya yi bincike kafin Windows ta tashi, wajen minti 15, sannan ya kunna ta.

Bayan haka yana da kyau a kira likita na biyu. Wannan bai saɓa wa ƙa'idar mai gadi ɗaya ba, domin shi zuwa yake ya duba ya tafi. Malwarebytes na kyauta yana wannan aiki da kyau, musamman a kan leƙen asiri. Ƙanensa AdwCleaner ƙarami ne, ba ya cin data, gwani ne wajen share masu talla. Akwai Kaspersky Virus Removal Tool na kamfanin Rasha. Akwai kuma Microsoft Safety Scanner, amma ku lura, kwana 10 yake yi bayan an sauke shi ya daina aiki, sai an sauko da sabo. Ɗaya daga cikinsu ya isa.

In fayil guda ne kake shakka, akwai shafin VirusTotal. Ka ɗora fayil ɗin, riga-kafi wajen 70 su duba shi lokaci guda. Amma kada ka ɗora takardar sirri, ko fasfo, ko lissafin kasuwancinka, domin abin da aka ɗora yana isa hannun masu bincike.

Yanzu ga matakin da aka fi mantawa. An kama ɓarawo, amma ya riga ya aika da makullan gidanka. Cire manhajar leƙen asiri ba ya dawo da abin da ta sace. Dole a sauya kalmomin sirri. A fara da na imel, don ta nan ake buɗe sauran. A sauya daga wata na'ura mai tsabta. Inda akwai tabbatarwa ta biyu, wato lambar da ake turowa a waya, a kunna ta. Wannan lamba kuwa ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga banki yake kira. Ba riga-kafin da zai tsare bakin mutum.

Wanda aka kulle wa fayiloli ana neman fansa, kada ya yi gaggawar biya, kada kuma ya goge fayilolin. Akwai shafi mai suna No More Ransom, da 'yan sandan Turai da na Holan da wasu kamfanonin tsaro suka buɗe a 2016. Suna ajiye makullan buɗewa kyauta. Ba kowace cuta ke da makulli ba, gaskiya ke nan. Shi ya sa nake roƙonku, abin da ba za ku jure rasawa ba, ku ajiye kwafinsa a wani wuri da ba a haɗe yake da kwamfuta ba. In kuma an yi duk wannan cuta tana dawowa, sai a yi fomat, wato a share komai a sake zuba Windows. Ka tsaya a kan mai gyaran. Ka ce masa, ɗan'uwa, bar min Defender a kunne, kuma kada ka zuba min abin da ban nema ba.

To, mu koma ga 'yar kibiyar nan. Abin da 'yar ƙanena ta gani ba fayilolinta ba ne. Cutar ta ɓoye na gaske, ta ajiye 'yan hanyoyi masu ɗauke da sunayensu. Duk wanda ya danna, ya tayar da cutar da hannunsa. Muka sabunta Defender da datar wayata. Muka danna filash ɗin da maɓallin dama, muka ce a bincika. Nan take ya kama abu ya killace. Sai muka umarci kwamfuta ta nuna ɓoyayyun fayiloli, har da waɗanda Windows take karewa. Sai ga wata jaka dishi-dishi, ko suna ba ta da shi. Muka buɗe. Aikinta yana ciki, shafi 40 da wani abu, ko waƙafi bai ɓace ba. Wanda ya ga irin wannan, kada ya yi wa filash fomat. In bai iya ba, kowane mai gyara zai fito masa da su cikin 'yan mintuna. Da yake ta riga ta danna, mun bar kwamfutar tana cikakken bincike har bayan isha'i, washegari kuma ta sauya kalmomin sirrinta daga waya.

Masu shagunan buga takardu, ku ma ina roƙonku. Filash nawa ke shiga kwamfutarku daga safe zuwa yamma? Kamar mudu ɗaya ne da ake tsomawa a kowane buhu. In ƙwaro ya hau shi, ya zagaye kasuwa. Ku kunna riga-kafi, ku sabunta shi. Wanda zai iya turo takardarsa ta waya, ku karɓa ta nan.

'Yar ƙanena dai yanzu filash biyu gare ta. Ɗaya ta ɗaura masa jan zare. Shi ne na kasuwa. Abin da za a buga kawai take zubawa a ciki, kuma in ya dawo gida ba ta buɗe shi sai an bincika. Ɗayan yana cikin akwatin kayanta, ba ya fita ko ƙofar gida.

Lokacinmu ya cika. Sai mun sake haɗuwa, in Allah Ya kai mu. Assalamu alaikum wa rahmatullah.